Kaka, Za Su Narkar Da Bibrafon Ɗinka

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna da ta haife ni: na iya kiɗa. Kakana na wajen uwa, Alhaji Zakariya'u na Malbaza, shi ya koya mini a ɓoye, cikin ɗakin ajiya na bayan gidansa. Shi kaɗai ya sani, shi kuwa Allah ya karɓi abinsa ranar Talata, shida ga watan Mayun 2025, bayan sallar azahar. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kaka, ina hanyar kawo maka fura na tarar da mutane cike da ƙofar gida. Ban tambayi kowa ba. Na tsaya da kwanon a hannuna har wata maƙwabciya ta karɓe shi, ta zaunar da ni. Ban yi kuka ba a ranar. Mata suna cewa yarinyar nan akwai haƙuri. Ba haƙuri ba ne, Kaka, bakina ne ya ƙi buɗewa, kamar yadda ya saba.

Masu gaisuwa sun zo daga Konni da Illela da ƙauyuka, kowa da alherin da yake tunawa. Abokan aikinka na izin, wato masana'antar siminti, sun ce shekarun da ka yi kana gyaran wuta a can ba su taɓa jin ka zagi yaro ba. Wata tsohuwa ta ce ka gyara mata rediyo, ta kawo maka ƙwai, ka ce ta mayar ta ba jikokinta. Liman ya ce duk lokacin da lasifikar masallaci ta mutu, kai ne kan tsani, har bayan gwiwoyinka sun fara ciwo. Duk gaskiya suka faɗa. Amma ba wanda ya ambaci kiɗa, ko mutum ɗaya, kamar wannan rabin rayuwarka ba a yi shi ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, ko da yake karatuna bai yi nisa ba, bara na gama firamare.

Ka ba ni labarin kana saurayi ka bi mota zuwa Yamai, daga can ka wuce Ikko. A wani otal kake gyara wa ƴan kiɗa wayoyinsu. Wata rana injin wani kayan kiɗa ya tsaya, ka gyara shi, mai shi, wani tsoho, ya ce ba shi da abin biyanka sai dai ya koya maka. Haka ka shiga cikinsu shekaru. Da ƙungiyar ta watse, tsohon ya bar maka abin, ka ɗauko shi a bayan motar goro har gida. Mahaifinka ya dube shi, ya ce gidansu gidan fatauci ne, ba a taɓa yin maroƙi a ciki ba. Ba ka yi musu ba. Ka rufe shi da tabarma, ka nemi aiki a izin.

Sunansa bibrafon. Mutanen gida suna ce masa gadon ƙarfe, don tsayinsa da faɗinsa sun yi kama da ƙaramin gado. A samansa akwai fayafayan alminiyo a jere layi biyu, daga dogo zuwa gajere, kowanne da muryarsa. Ƙarƙashin kowane faifai akwai bututu, a bakin kowane bututu kuma akwai ɗan marfi mai juyawa. Idan marafan suna juyawa sai muryar ta riƙa rawa, tana zuwa tana komawa, kamar mace mai rarrashin jariri. A ƙasa akwai feda da ake takawa. Injin da ke juya marafan ya ƙone tun kafin a haife ni, sai ka ɗaura masa hannun ƙarfe da ka ciro daga tsohon keke, ka yanko robar taya ka yi masa bel. Daga nan ya zama kayan kiɗan mutum biyu: ɗaya yana kaɗawa, ɗaya yana juyawa.

Ina tuna ranar farko. Ranar kasuwa ce, gida ba kowa. Na same ka a ɗakin ajiya tsakanin buhunan albasa, ka yaye tabarmar.

“Amarya, aje hurar nan,” ka ce, don haka kake kirana cikin wasan kaka da jika. “Zo ki juya mini wanga. Sannu sannu hwa, ba niƙan tattasai ba ne.”

Na juya. Ka ɗauki sanduna masu kan ulu, biyu a kowane hannu, ka taka fedar, ka sauke su. Kaka, har yau ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Na ji kamar an zuba ruwan sanyi cikin ɗakin. Hannuna ya tsaya don mamaki, muryar ta daina rawa, ka harare ni kana dariya.

“Kin gani? Ni ke bugawa, amma numfashinsa na hannunki. In kin tsaya ya mutu.”

Kai ka koya mini cewa akwai kiɗan da ake kira sol jaz, na baƙaƙen fatar Amurka. Ka ce ya tsotso daga waƙoƙin ibadarsu da na baƙin cikinsu, shi ya sa ko ana rawa da shi akwai wani abu mai nauyi a ƙarƙashi. Kana da tsofaffin kaset da kake sa mini a hankali, kana nuna mini inda bibrafon ke shigowa a kan ganga da molon lantarki. Shi sol jaz, ka ce, a taka feda a bar murya ta yi tsawo, mai juyawa kuma kada ya yi gaggawa. Amma idan ka ga na zo da fuska a ɗaure sai ka ce yau fonk za a yi. A fonk ana ɗaga ƙafa daga feda, kowace murya ta fito gajera ta yanke, kuma duk nauyin yana kan bugun farko. Kana buga ƙasa da dunduniya kana cewa, “Fonk ba ya son dogon zance, Amarya. Ki faɗa, ki yi shiru, ki bar wa mai ganga wuri.” Ba mu da mai ganga. Tsohuwar jarka kake bugawa da gwiwarka mai ciwo.

Akwai ranar da malam ya tsayar da ni a lakwal, wato makarantarmu ta boko, in yi karatu. Na san karatun, amma murya ta ƙi fita, ƴan aji suka yi ta dariya. Na zo wurinka, ba ka tambaye ni komai ba. Ka miƙo mini sandunan, ka zagaya ka zauna a wurina, ka kama hannun keken. Tun daga ranar muke musanya. Kiɗan da ka fara koya mini naka ne na kanka, wanda ka sa wa suna “Motar Illela Ta Makara”. Ka ce ka shirya shi ne wata rana da kake jiran marigayiya kakata Mariya ta dawo daga ganin gida. Yana farawa a hankali kamar mai leƙen hanya, can tsakiya sai ya juye ya zama fonk, ka ce nan ne motar ta iso.

Kaka, yanzu ga abin da ke hana ni cin abinci. Bayan sadakar bakwai, Kawu Mutari, babban ɗanka, ya buɗe ɗakin ajiya don a ga abin da za a raba. Ya ce shi bai yarda a sayar da kayan kiɗa a matsayin kayan kiɗa a zuba kuɗin cikin gado ba, amma ƙarfe ƙarfe ne, ana iya auna shi a sikeli. Ya kira Maman Sani, mai narkar da alminiyo yana zuba tukwane a Konni. Ina bayan ƙofa da tsintsiya lokacin da suka shigo. Maman Sani ya ƙwanƙwasa faifai ɗaya da makullin babur ɗinsa.

“Kai! Alhaji Mutari, wanga ba irin na gwangwani ba ne. Tukwanen biki za su hito nan, masu ɗaukar rabin buhun shinkafa.”

“To ka gani,” in ji Kawu. “Shekara da shekaru shina cin wuri, ko albasa ba a shanyawa bisa.”

Faifan bai daina ƙara ba, don tabarmar da suka ja ta danne fedar. Maman Sani ya karkata kai yana saurare.

“Ji shi, har kuka yake.”

Suka yi dariya. Suka yanke cewa kashegarin sadakar arba'in zai zo da mota ya ɗauka.

Na so in yi magana, wallahi na so. Na buɗe baki, Kawu ya juyo ya ce, “Basira, mi kike so?” Na ce babu komai, na ci gaba da shara. Ba ni da haƙƙi a ciki. Ni jika ce, gado na ƴaƴanka ne. Kuma idan na ce kada a narkar, za a ce don me, in na faɗi dalili Baba zai ji cewa ƴarsa ta yi shekara da shekaru tana kiɗa, ba tausar ƙafafun kakanta take yi ba kamar yadda aka ɗauka. Ban san abin da zai yi ba. Kawu ba mugu ba ne, yana yin abin da yake ganin zai tsarkake maka dukiya. Amma bai taɓa jin ka kaɗa ba. Ni kuwa yanzu ko tukunya aka buga da ludayi a madafa sai gabana ya faɗi. Ina ta tunanin wata rana zan je gidan suna a zuba mini shinkafa daga muryarka ban sani ba.

Na shiga ɗakin ni kaɗai na gwada. Na ɗauki sanduna, na taka feda, na buga. Muryar ta fito, amma a miƙe, ba ta rawa. Na gwada juyawa da hannu ɗaya ina bugawa da ɗaya, bai yiwu ba, hannun keken yana can ƙarshe. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da ka rasu. Ka tafi ka bar ni da abin da mutum ɗaya ba ya iya kaɗawa, Kaka. Me ya sa ba ka faɗa wa kowa ba? Me ya sa ba ka ce a bar mini shi ba?

Shekaranjiya Inna tana wanke kwanonin baƙi a bakin rijiya, ni ina miƙa mata. Ba ta lura da kanta ba, sai na ji tana rera wani kiɗa a cikin hanci. “Motar Illela Ta Makara” ce, tun daga farko har wurin da motar ke isowa. Hannunta na dama kuma yana zagaya cikin kwanon sannu sannu, daidai yadda ka koya mini. Kwano ya suɓuce mini. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta, ta ci gaba da wanke-wanke. Ashe kafin ni akwai wadda ta juya maka. Ashe ulun da nake tararwa sabo a kan taga duk lokacin da kan sandunan ya lalace ba daga kasuwa kake sayo shi ba, irin wanda Inna ke saƙa hulunan jarirai da shi ne. Ita ƴarka ce, tana da rabo a gadon, amma ban taɓa jin ta yi wa Kawu Mutari musu ba.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Zakariya'u. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka masa shi kamar yadda ya haskaka gidajen mutane. Ka sa haƙurin da ya yi da maganar mahaifinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka haɗa shi da Mariya a Aljannar Firdausi, inda ba wanda zai jira wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Karima, da Kawu Mutari, da sauran kawunaina da iyalansu, da ƴan'uwa na Konni da Illela, da abokan aikinsa na izin. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Kaka, na naɗe kan sandunan huɗu da sabon ulu, suna cikin jakar lakwal ɗina. Ranar da Maman Sani zai zo, dole su fito da shi tsakar gida kafin su kwance shi. Idan sun ajiye, zan je in tsaya a gabansa, a gaban Kawu da Baba da kowa. Magana ɗaya kawai zan yi, kuma ina ta maimaita ta don kada ta maƙale: “Inna, zo ki juya mini.” Idan ta taso, za su ji abin da ka ɓoye musu, sai su yanke abin da za su yanke. Idan ba ta taso ba, zan kaɗa shi haka nan a miƙe, har wurin da motar ke isowa.