Kwamfutar da Ta Yi Damina Cikin Tulu

A shekarar 1996 Susanna ta fara sanin Mika'ilu. Lokacin tana sayar da yadi a bakin kasuwar Mubi, shi kuwa saurayi ne ɗan mutanen Borno, ya zo da tsohon tebur ya roƙi inuwar rumfarta don gyaran rediyo. Ta ce ya zauna, muddin warin dalmarsa ba zai kama mata kaya ba. Warin ya kama. Ta yi ta mita, amma ba ta kore shi ba.

Rediyo ya ja baya, Mika'ilu ya koma waya, daga nan sai kwamfuta. Ido ya ragu, baya ya lanƙwashe, magana kuwa dama ba ta dame shi ba.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi a 2014, kowa ya bi daji. Susanna ta same shi gindin dutse bayan Gella, yana tallafe da matarsa mai tsohon ciki, 'yarsu Hanan kuma ƙafa ta kumbura. Ta yar da ƙullin kayanta, ta goya yarinyar har iyakar Kamaru. Da aka dawo babu wanda ya sake tayar da zancen. Ɗanta Jonathan ne bai dawo ba.

Kafin gudun ta sa kwamfutar Jonathan cikin tulu ta binne a bayan madafa, yadda uwarta take yi da jigida. Sai dai jigida ba ta tsoron damshi. Damina guda ta bar ta a ƙasa, ba ta da zuciyar tonowa. Da ta tono, ta ari cajar maƙwabci wadda ta yi wa ramin cajin girma, ta danna da hannun da ya saba da taɓarya. Hayaƙi ya fito.

Mika'ilu ya kwance ta, ya daɗe yana kallo. Bakin cajin ya karye, allon cikin da suke kira bod ya yi kore kamar gindin randa. Ya tambaye ta ko shuka ta ta yi don ta tsira. Ta ce shi da ke gyara da ido ɗaya da rabi ba shi da bakin magana. Ya ce zai iya kwashe mata waƙoƙin coci da Jonathan ya rera da harshen Gude ya zuba a waya.

"A'a, ɗana," in ji ta. "A nan yake zama ya buɗe. Dubi inda yatsunsa suka goge haruffan. A nan nake so in ji shi."

Ya kankare, ya liƙa, ya aika Yola cigiya. Aka ce irin wannan ta daɗe da ƙarewa. Duk ranar da ta leƙo sai ya ce tukuna, ta juya tana jan ƙafa. Guda ɗaya ya sani mai irin wannan bod a Mubi, ita ce tasa da ke kan tebur, wadda yake gyaran wayoyin mutane da ita, abincin gidansa.

Wata Laraba ya aika a kira ta. Ya danna, fuskar kwamfutar Jonathan ta yi haske, muryar Jonathan ta cika rumfar. Susanna ta zauna kan benci, ba ta yi kuka ba, leɓenta kawai ke bin waƙar.

Da za ta tafi ta ga wurin da kwamfutar Mika'ilu take zama babu komai sai tsumma a ninke. Ta tambaya.

"Ta gaji, Mama," ya ce. "Na ba ta hutu."

Ya jawo wani tsohon rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙurar, ya fara kwancewa.