Rediyon Inna Mai Shatin Haƙora

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Delu ta Gubuchi, matar da take sauraren labarai da haƙori. Bana ko addu'a na zauna yi mata sai hankalina ya rabu, don abin da ya kama kunnenta ya kama nawa.

Tun haihuwar autanmu jinta ya fara raguwa. Da yamma sai ta ciji gefen ƙaramin rediyonta, ta lumshe ido, mu kuwa mu yi ta ƙyalƙyala dariya. Maƙwabta cewa suke kurumtar ganin dama ce: a kasuwar Makarfi ciniki ba ya wuce ta, a gida kuwa sai ka gaji da kira. Abin yana ƙona mata rai. Takan ce, "Wallahi ba da gangan nake yi ba."

Watan jiya likitar kunne a Zariya ta kaɗa wani ƙarfe kusa da kunnena, da ƙyar na ji. Ta ɗora shi a ƙashin bayan kunnen, sai ga ƙara tar! Ta ce sauti kan girgiza dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa shi can ciki, inda wani ruwa ke motsawa, jijiya ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Nawa ƙashi na ukun ne ya sandare, kuma ana gadonsa. Can cikin kunnen kuwa lafiya lau yake, shi ya sa ƙara ke bi ta ƙashin kai ta isa. A kasuwa kuwa kowa ɗaga murya yake yi, shi ya sa ciniki ba ya wuce Inna. Ashe gaskiya Inna ta yi ta faɗa, har ta koma ga Allah ba a yarda ba.

Likitar ta ce tiyata kan gyara, amma wani sa'in takan tafi da ɗan jin da ya rage. Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Na sa rana sau biyu ina fasawa. Da Inna na nan, anya ba za ta ranƙwashe ni ba, ta ce na sami mai gyara ina yanga?

Ranar Juma'a na je Gubuchi da 'yata Hafsa, wadda ta fara koyon magana. Na tono rediyon, na sa batir. Haƙorana suka zauna daidai a shatin nata, na ji mai labarai raɗau. Allah ya jiƙan Inna, ta bar mini ciwo, ta bar mini dabara.

Sai Hafsa ta ja zanena, bakinta na motsi, tana ta maimaita wani abu. Ita ba rediyo ba ce balle in ciza. Ranar Litinin zan koma Zariya.