Kiran da na amsa wa Rahila

Shekara ashirin da bakwai na yi a banki, kuma idan aka ce in zaɓi rana guda da ba za ta taɓa fita daga raina ba, wata Alhamis ce cikin bazara, a ajans ɗinmu ta Maraɗi, wato reshen bankinmu na can. An ce in yi muku magana a kan shugabanci, ku da kuka fara horo wannan makon. Ban zo da darasi a rubuce ba. Labarin wannan ranar zan ba ku, kuma wadda abin ya shafa ta san ina ba da shi.

Saboda baƙin da ke cikinmu, bari in fara da yadda tsarin yake a lokacin. Banki yakan ɗauki 'yan kaɗan daga cikin waɗanda suka gama jami'a, bayan jarrabawa da tambayoyin baki da baki. Ba don zaman gishe, wato tagar karɓa da biyan kuɗi, ake ɗaukarsu ba. Ana renonsu ne su riƙe harkar manyan kamfanoni da ta zuba jari, wata rana kuma su shugabanci sashe. Wata goma sha takwas suke yi suna zagaya sassan banki, kowane an haɗa shi da wani babba da muke kira uban aiki. A ƙarshe sai juri ta zauna, wato manya uku daga Yamai, mai horo, wato wanda ake renon, ya tsaya gabansu ya kare dosiye na gaske, wato takardun neman bashi na wani kamfani. Wanda ya ci, a tura shi babban gidan banki a waje ya ƙara horo. Wanda ya faɗi, ya koma cikin sauran ma'aikata.

Ni lokacin ina shef, wato shugaba, na sashen manyan kamfanoni a Maraɗi, kuma ni ne uban aikin Rahila. Ɗiyar Malam Yohanna ce, wani mai garka, wato lambu, a bakin tabkin Madarumfa, dattijo a majami'ar garinsu. A Maraɗi take kwana ranakun aiki, kowace Asabar ta tafi gida don ta yi sujada da iyayenta ranar Lahadi. Na reni masu horo da yawa, amma ban ga irinta ba. Idan kamfani ya rubuta cewa yana da ma'aji uku, sai ta hau kabu-kabu ta je ta ga ƙofofinsu da idonta. Ba ta taɓa musa mini a gaban baƙo ba, amma da mun shiga mota sai ta ce, "Shef, ni dai ban gamsu ba," ta jero dalilanta. Sau da yawa ita ke da gaskiya. Ina alfahari da ita, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin cin jarrabawarta nawa ne.

A wannan shekarar juri ta zo Maraɗi, domin mutum uku ne a yankinmu. Doka ita ce babu mai shiga ɗakin da salula, saboda asirin kamfanoni ake buɗewa a ciki. Ni aka ba ajiyar wayoyin, na sa su a aljihun teburina. Rahila ce ta biyu. Ta shiga da ƙarfe goma, da dosiyen wani kamfanin matse man gyaɗa da ke son faɗaɗa masana'antarsa. Wata huɗu ta yi tana aiki a kansa. An ba ta awa ɗaya.

Ba ta fi minti goma da shiga ba, na ji aljihun teburina yana rawa. Na ƙyale. Ya daina, ya sake, ya sake. A karo na biyar na jawo aljihun, na ga wayar Rahila ce, an rubuta "Yaya Hannatu". Na ɗauka.

"Rahila, kina ina?"

Na ce, "Ba ita ba ce. Isuhu ne, shef ɗinta."

"Mushe," in ji ta, wato yallaɓai da Faransanci, "don Allah ka ba ni ita. Baba ya faɗi cikin garka da safe. Muna gidan likita nan Madarumfa. Sun ce jikin ya yi nauyi ƙwarai, ba su so a ɗaga shi. Sunanta yake ta kira."

Na ce mata Rahila tana gaban juri, saura kamar minti hamsin ta fito.

Ta ce, "Mushe, ni ban san juri ba. Na dai san abin da nike gani gabana."

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki. Yanzu zan kawo ta da kaina."

Na tashi na je har ƙofar ɗakin taro. Na ɗora hannu a kan marikin ƙofar. Daga ciki ina jin muryarta, tana amsa tambayar Darakta Mamman, shugaban jurin, a tsanake, babu rawar murya. Na tsaya ina aunawa. A sanina, wanda ya fita daga gaban juri ya janye ke nan. Na tuna watannin da ta yi tana wahala. Na ce a raina, tsofaffi sukan faɗi su tashi, kuma 'yan uwa sukan kai abu inda bai kai ba saboda tsoro. Daga Maraɗi zuwa Madarumfa tafiyar rabin awa ce. Minti hamsin da rabin awa, ai ba wani abu ba ne. Na ce ko shi Malam Yohanna aka tambaya, cewa zai yi a bar ta ta gama. Na saki marikin, na je na ce wa direba ya juya mota ta fuskanci titi, na koma biro, wato ofishina, na zauna.

Jurin ta ji daɗinta, sai suka ƙi sakinta. Awa ɗaya ta wuce, suna ta tambaya. Sau biyu na sake zuwa ƙofar, sau biyu na komo, ina cewa ai yanzu an kusa. Da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata wayar ta sake rawa. Ban ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo, na ga farkonsa a kan fuskar wayar ba tare da na buɗe ba: "Baba ya tafi."

Bayan minti biyar ƙofa ta buɗe. Rahila ta fito rungume da dosiyenta, tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Shef, har tambayar nan da ka ce za su yi sun yi!"

A nan na yi kuskure na biyu. Na kasa faɗa mata. Na ce, "Baba ba shi da lafiya, an kira daga gida. Zo mu tafi." Na riƙe wayarta a hannuna har muka shiga mota, kamar na manta. Sai da muka fita gari ta ce, "Shef, wayata." Na miƙa mata. Ta karanta saƙon. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon wayar, tana taɓawa da yatsa. Muna daidai Jiratawa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An amsa kiran Yaya da ƙarfe goma da minti goma sha biyu. Wa ya amsa?"

Na ce, "Ni ne."

"Yana da rai lokacin?"

"Yana da rai."

Da muka tsaya a ƙofar likita, ta buɗe mota ta fita, ta bar dosiyen a kan kujera.

Washegari aka yi jana'iza. Na je, na tsaya can baya da sauran Musulmin garin da suka zo da yawa, masunta da 'yan garka, muna jin waƙoƙinsu na majami'a. Na yi ta'aziyya cikin mutane kamar kowa, na dawo. Amma na kasa cin abinci. Matata ta tambaye ni, na gaya mata duk yadda aka yi. Ta ce, "Ta'aziyya ka yi, ba ka nemi gafara ba. Koma."

Ranar Litinin na koma Madarumfa ni kaɗai. Na sami mahaifiyarsu, Inna Saratu, zaune a kan tabarma a tsakar gida, Hannatu da Rahila a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, ni ne na amsa waya ranar. Ni na hana a gaya wa Rahila. Ba dokar banki ba ce ta riƙe ta, ni ne."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Na sani, ɗana. Hannatu ta ce mini ka ce yanzu za ka kawo ta. Shi ne na duƙa na ce mishi, Malam, tana bisa hanya. Sai ya juya kai wajen ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga ido. Sau uku yana tambayata, sau uku ina ce mishi tana bisa hanya. Shekara arba'in muna tare ban yi mishi ƙarya ba, sai ranar."

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan tabarmar mutane. Ita ce ma ta ce, "Tashi zaune. Ba kai ka ɗauke shi ba, lokacinsa ne. Ubangiji ya gafarta mana duka." Ta sa aka kawo mini ruwa.

Da zan tafi, Rahila ta rako ni zaure. Na fara ce mata na yi ne don kada wahalarta ta tafi a banza. Ta tsayar da ni.

"Shef, na san ba mugunta ba ce. Ƙila da ka buɗe ƙofar ka gaya mini, da na tsaya na gama. Ban sani ba, har yanzu ban sani ba. Ƙila kuma da na fita da gudu. Amma ubana ne. Ni ya kamata in zaɓa."

Da na koma biro na rubuta rahoto da hannuna, na aika wa Darakta Mamman a Yamai, na faɗi abin da ya faru ba ragi. Ya kira ni a waya. Na ɗauka zai ce na bi doka, don haka ba laifi. Sai ya ce, "Isuhu, wa ya gaya maka wanda ya fita ya janye?"

Na ce, "Haka muka taras ana faɗa."

Ya ce, "Ka buɗe takardar tsarin ka karanta. Juri tana da ikon ɗage zama idan akwai larura. Mun taɓa yi wa wani da zazzaɓi ya kama. Da ka ƙwanƙwasa, da ni da kaina zan ce ta tafi, mu saurare ta wani makon."

Takardar tana cikin kabad ɗina, shekara biyu. Na ciro ta, na ga layin a shafi na huɗu. Ni da nake koya wa yara kada su yarda da abin da ba su karanta da idonsu ba, na yanke hukunci mafi nauyi a rayuwar aikina a kan jita-jitar biro.

Sakamako ya fito, Rahila ce ta ɗaya a duk rukuninsu. Ba a yi murna ba. Ta ce ba za ta tafi ba, za ta zauna kusa da Inna. Inna Saratu ce ta tilasta mata, bayan wata guda ta tafi. Kafin tafiyarta akwai takardar ƙarshe da uban aiki yake sa wa hannu. Ta roƙi a ba mataimakina ya sa, aka ba shi. Abin ya yi mini ciwo, amma ban ga laifinta ba. Ni kuma na roƙi a sauke ni daga renon masu horo, Darakta Mamman ya ƙi. Ya ce in zauna in gyara. Tun daga wannan shekarar, duk mai shiga gaban juri ana tambayarsa a rubuce wa za a saurara idan an kira daga gida, kuma mai ajiyar waya ba shi da ikon riƙe saƙo ko na minti ɗaya. Za ku ga wannan layin a takardunku. Yanzu kun san inda ya fito.

Shekara uku ba mu yi magana ba, sai gaisuwar aiki a takarda. Ranar da Inna Saratu ta aurar da autarta, aka aiko mini da goron gayyata, na je Madarumfa. A nan Rahila ta zo ta gaishe ni, lokacin har ta fara riƙe nata sashen. Ta ce, "Shef, na yafe maka tun tuni. Abin da na kasa shi ne in faɗa maka." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ka riƙa gaya wa sababbi. Kada ka canza sunana, kuma kada ka gyara naka wurin."

To, ga shi na gaya muku yadda yake. A wannan horon za a koya muku auna abu da sauri, ku yanke hukunci a madadin mutanen da ba sa cikin ɗakin. Za ku ƙware, za a yaba muku, har ku fara jin kun fi kowa sanin abin da ya dace da shi. Ni ma haka na ji a bakin ƙofar nan, kuma da kyakkyawar niyya na saki marikin. Nan da 'yan shekaru za a ba kowannenku mutanen da zai shugabanta. Aikinsu yana hannunku, amma iyayensu da 'ya'yansu da baƙin cikinsu ba a ba ku ba. Idan labari irin wannan ya biyo ta hannunku, kada ku tsaya aunawa. Ku ƙwanƙwasa ƙofar, ku gaya wa mai shi.