Mbah Sukarmin, Mai Kashe Tartsatsi Kafin Ya Sauka

Kullum bayan sallar asuba, Mbah Sukarmin, wato Kaka Sukarmin a yarenmu, yakan kurɓi baƙin kofinsa a tsaye, ya ɗauki ƙunshin shinkafar da matarsa Bu Lasiyem ta naɗe masa a ganyen ayaba, ya hau tsohon kekensa ya nufi masana'antar sukari. Ba ya bi ta babbar ƙofa. Ta baya yake zagayawa, wajen rumfar da kawunan jiragen ƙasa shida suke kwana, ya jingina tsani ya hau na farko, ya zura hannu cikin bututun hayaƙi har kafaɗa. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a hura musu wuta. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan, kuma ranar Asabar da ta wuce ya ajiye aiki.

Da aka ce in rubuta masa jinjina na yi murna, sai da na zauna sannan kaina ya ɗaure. Me zan ce ya yi? Ungozoma a nuna 'ya'yan da ta karɓa, magini a nuna gini. Shi wannan bawan Allah, iyakar abin da za a nuna shi ne babu abin da ya faru. A takardar ofis ma "mai share bututu" aka rubuta masa, shi kansa kuma in ka tambaye shi aikinsa sai ya sosa ƙeya ya ce ga shi nan dai ana ta yi.

To ga abin da ake ta yi ɗin. Jiragenmu na nan tsibirin Jawa ba kwal suke ci ba, tukar rake suke ci, wadda injin ya matse ya tofar. Tuka kuwa ba ta da nauyi, tururi na bugowa daga ƙasa sai ta tashi da wutarta ta fice ta bututu. Ga layin dogo ya ratsa tsakiyar gonakin rake, ga rani, ganye ya bushe ƙayau. Shi ya sa kan bututun ya yi ƙaton ciki kamar tulu. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar kasko, tartsatsi ya doke shi ya yi ta juyi har ya mutu, sama kuma raga. In kaskon ya sauka da yawa, jirgi ya shaƙe, wuta ta ƙi ci, direba ya yi ta zage-zage. In ya ɗaga da yawa, jirgi ya yi ta gudu cikin nishaɗi yana feshin wuta a gonar mutane. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan wuri da bai wuce kaurin yatsa ba, kuma nan Mbah ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Ma'auninsa farar riga ce, ɗinkin buhun sukari. Duk sa'ad da ya taɓa bututu, sai ya sa ta ya zauna a taragon farko, daidai inda hayaƙi ke sauka, a zagaya da shi ta layin gonakin shinkafa inda ruwa ke kwance dama da hagu. In an dawo ya tuɓe ya ɗaga ta a rana. Huji ya wuce uku, jirgi ba ya fita, ko direba zai haɗiye zuciya. Bu Lasiyem kuwa tun aurensu ta yanke hukuncin cewa tabar kanumfari yake sha a ɓoye, don kowa ya san yadda take tsartuwa ta huda riga. Ya rantse, ya yi bayani, ta ce ta ji, bututu ne, kowane mashayi ma da sunan da yake kiran tasa.

Bana, saura kwanaki kaɗan a buɗe kakar matsar rake, aka gane bututun jirgi mai lamba shida ya ruɓe. Sabon injiniyanmu, Pak Handoyo, wato Malam Handoyo, mutumin kirki ne, ba ya raina kowa. Ya zo da littafi da biro ya ce Mbah ya faɗa masa ma'auni kafin ya ajiye aiki. Mbah ya ce tazarar kasko yatsa uku ce. In tuka ta jiƙe, biyu da rabi. Amma jirgi mai lamba huɗu yatsa huɗu yake so, don yana da haki. Pak Handoyo ya tambayi dalili, Mbah ya ce wallahi shi ma bai sani ba, hannunsa ne ya sani. Injiniya bai yi fushi ba, ya ɗauko abin awo ya auna yatsun tsohon, sai aka tarar na tsakiyar karkatacce ne tun wata tsohuwar karaya. Suka kalli juna, babu wanda ya san inda aka kwana.

Daga nan Pak Handoyo ya tono ainihin zanen waɗanda suka ƙera jirgin, a ƙasan wani kabad, ya sa aka yi sabon bututu daidai da shi. Ranar da aka ɗora, Mbah ya hau tsani ya zura hannu, tafin hannunsa duka ya wuce. Zanen na zamanin da ake zuba wa jirgin gumagumai ne, ba tuka ba. Lamba shida kuma shi ke bin hawan nan na kusa da maƙabarta, inda jirgi ke nishi da ƙarfinsa duka, kuma gonar Yu Parti ce a bakin layin. Bazawara ce, eka biyu ke gare ta, gidanta na gora yana manne da raken. Tartsatsi ɗaya ya ishe ta rasa shekararta da makwancinta.

Yana saukowa injiniya ya tambaye shi, a gaban manaja da ma'aikata, yaya ya gani. Mu a nan ba a gaya wa na sama ya yi kuskure a gaban mutane, ba haka aka raine mu ba. Mbah ya sunkuyar da kai ya ce walda ta yi kyau ƙwarai. Kowa a rumfar ya sha jinin jikinsa, ban da Pak Handoyo, wanda ya yi godiya ya tafi yana murmushi.

Kwana uku tsohon nan ya yi a ruɗe. Ya zo aiki ya manta ƙunshin shinkafarsa a gida, washegari ya zo da shinkafar ya manta keken a bakin masallaci. Ya yi tunanin ya saukar da kaskon a ɓoye, minti ashirin ya ishe shi. Amma in jirgi ya fita lafiya, injiniya zai ɗauka zanen ne daidai, ya bi sauran biyar ɗin da shi bayan shi Mbah ya tafi. Ya yi tunanin ya sami injiniya shi kaɗai a ofis, har ya kai bakin ƙofa sau biyu, yana juyowa. Gaba kura, baya sayaki. Pak Gimin, direban lamba shida, ya ce masa, "Mbah, ko dai ka buɗe baki ko ni in kwanta ciwo ranar buɗe kaka. Ba da hannuna za a gasa matar mutane ba."

Rana ta huɗu sai ga shi a gaban injiniya, hula a hannu, yana inda-inda.

"Pak, akwai wata al'ada. Wanda ya yi sabon bututu, shi ke fara zama a bayansa. Da fararen kaya. Don albarka."

Pak Handoyo ya ce bai taɓa ji ba. Pak Gimin ya karɓe ba tare da ya ƙifta ido ba, ya ce ai tun zamanin kakanni haka ake yi. Ni nan aka haife ni, kuma ranar na fara jin ta.

Aka loda wa taragu goma duwatsu don jirgi ya ji nauyi. Injiniya ya zo da farar rigarsa ta zuwa Juma'a, sabuwa dal, ya zauna kusa da Mbah a taragon farko. Suka shiga layin gonakin shinkafa, Pak Gimin ya buɗe wa jirgi tururi iya ƙarfinsa. Masu dashen da ke cikin ruwa sun ce sun ga babban mutum yana kaɗe kafaɗa, yana mare wuyansa, yana tsalle a zaune, tsoho kuma na gefensa ya ƙura wa sama ido kamar mai neman jinjirin wata. Gani ya kori ji. Da suka dawo, Pak Handoyo ya tuɓe rigar da kansa ya ɗaga ta a rana, ya ƙirga huji har sittin ya daina. Babu wanda ya yi dariya. Ya juya ya riƙe wa Mbah tsani, ya ce, "Ka hau, Mbah. Ni ma zan biyo ka in sa nawa hannun." Suka saukar da kaskon zuwa yatsa uku na Mbah, na injiniya uku da ɗan ƙari. Suka sake zagaye, huji biyu.

Labari ya kai wa Bu Lasiyem, ta zo da ƙafarta ta ga rigar injiniya a rataye. Tambayarta ta farko, wai shi ma yana sha ne? Aka ja ta zuwa gindin jirgi aka nuna mata tartsatsin ta gani da idonta. Maƙwabta sun ce ranar kaza ta yanka wa Mbah, amma ba ta ba shi haƙuri ba.

Yanzu Pak Handoyo ya kafa takarda a rumfa cewa babu bututun da zai fita sai mai shi ya zauna a bayansa da fararen kaya, kamar yadda al'ada ta gada. Mbah ya tsaya gabanta ya karanta sau biyu, ya rasa ko ya faɗi gaskiya ko ya bar ta. Har ya tafi bai yanke ba.

Kai ne, Mbah, wanda ya tare wuta da ƙirjinsa don kada ta sauka a gonar wani. Kai ne ka gyara wa na sama kuskure ba ka zubar masa da mutunci ba. Ban iya bayanin abin da hannunka ya sani ba, kai ma ba ka iya ba, amma mun ci moriyarsa shekara arba'in da ɗaya muna barci da ido biyu a rufe. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya maka inda babu tartsatsi. Ku kuma masu tasowa, kowa ya zauna a bayan abin da ya ƙera kafin ya sake shi cikin mutane.

A wajen walimar sallama, an gayyato manoman bakin layi, har da Yu Parti. Ana raba shinkafa mai launin rawaya ta karkato wajena, ta nuna shi da haɓa, ta tambaye ni a hankali wai tsohon nan aikin me yake yi a masana'anta. Mbah ya ji ta. Na ga ya ci gaba da cin abincinsa.

Rakenta ya shigo ranar Laraba a bayan lamba shida, taragu goma sha ɗaya, ko ganye ɗaya bai ƙone ba.