Baba Kunne da Motar da ke Cijewa a Tamanin

Baba Kunne ba ya gano ciwon mota tana tsaye. Shekara arba'in yana kanikanci, ƙa'idarsa ɗaya ce: wani ya ja, shi ya zauna a gefe, ya cire takalmi, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasan motar, ya rufe ido. Mai ja masa abokinsa ne, Dogo, tare suka buɗe garejin tun suna samari. Idon Baba ya daɗe da yin rauni, bai ƙara riƙe sitiyari ba. Bara Dogo ya rasu. Matar Baba kuwa shekara shida ke nan da rasuwarta, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai waya jefi-jefi. Ya koma kwana a ɗakin bayan gareji, inda ake jibge tsofaffin tayoyi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, asibitinmu yana bayan gari, kullum sai na hau babban titi. Motata a cikin gari sumul take. Amma da zarar allura ta haura tamanin na taka totur, sai ta cije kamar an riƙo ta ta baya, sannan ta fizga. Ran nan ta yi min haka ina tsakiyar wuce tirela, ga wata ta taho. Wallahi har kalmar shahada na yi. Gareji uku na zaga, masu kwamfuta, aka canja fulogi, aka wanke wannan aka ɗaure wancan, duk aikin banza.

Ranar Litinin na je wurin Baba Kunne, na same shi shi kaɗai a kan dogon benci, rediyo na ta surutu ba mai saurare.

"'Yata, wannan ciwon sai a hanya," ya ce. "Za ki iya ja na?"

Muka hau titi. Ina taka ta ta cije, na ga ya gyaɗa kai. Na ce, "Baba, ka ji?" Ya ce, "Na ji wani abu. Ki dawo gobe mu sake. Kada ki wuce sittin in ba na ciki."

Washegari ma haka, sai dai bai rufe ido ba. Yana ta kallon gefen hanya yana ba ni labarin Dogo, yadda yake tuƙi da hannu ɗaya yana rantsuwa shi bai taɓa gudu ba. Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa agogo nake dubawa.

Ranar Laraba na iso yana alwala. Mai shagon kayan gyara na kusa da shi ya leƙo ya ce, "Hajiya, har yanzu ba a sa miki filtar man ba? Ai tun Litinin Baba ya karɓa."

Kai! Raina ya yi mugun ɓaci. Ban jira ya gama goge hannu ba.

"Haba Baba! Tsakani da Allah? Ka san ciwon tun ranar farko, ka bar ni ina yawo da raina a hannu? Na ɗauke ka uba, ashe direba ka samu!"

Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Datti ne ya toshe filtar. A hankali, ɗan man da ke wucewa ya ishi injin. In kin taka yana neman ƙari, ba ya samu." Ya ɗago ya dube ni. "Tun da aka kai Dogo ba wanda ya fita da ni hanya. Na yi kuskure, 'yata, ki yafe min."

Minti ashirin ya yi ya gama sa sabuwar filtar. Ya busa tsohuwar filtar ya nuna min baƙin dattin a tafin hannunsa. Kunya ta kama ni. Na buɗe masa ƙofa na ce, "To shigo mu gwada ta."

"A'a," ya ce. "Ta warke. Je ki, kin makara."

Wata biyar ke nan ko sau ɗaya ba ta ƙara cijewa ba, kuma abin yana damuna. Sau biyu na rage gudu a ƙofar garejin, na hango shi a kan bencin, na rasa abin da zan ce masa ya lalace a motar, na wuce.