Ruwan Umluj Bai Kai Wuya Ba

A shekarata ta huɗu a Riyad nake tuƙa wa wani gida mota, irin aikin nan da kai ne direba, kai ne ɗan aike, kai ne mai wanke tsakar gida idan za a yi baƙi. Wata Alhamis da la'asar na kai maigidana kasuwar Dira ya sayi darduma. Na saɓo ta a kafaɗa, ta fi ni tsawo, wajen juyawa bakinta ya taɓa madubin motar wani. Madubin ko tsagewa bai yi ba. Amma maigidan ya cire takalminsa a tsakiyar titi ya kwaɗa mini a ƙeya har sau biyu, yana kirana da sunan wata dabba. Na tsaya da darduma a kafaɗa, don ban ga inda zan ajiye ta ba.

Ashe wani ɗan garinmu yana tsallaken titi yana kallo. Bai tsallako ya ba da haƙuri ba, bai kuma kau da kai ba. Waya ya ɗaga. Kafin magariba bidiyon ya shiga guruf ɗin 'yan garinmu, ya rubuta a ƙasa: ɗan masunta ya samu sarauta a Saudiyya.

Garinmu yana bakin Kwara, a ƙasar Yawuri. Mu masunta ne, su 'yan kasuwa, kuma tun muna firamare yake toshe hanci idan na zauna kusa da shi. Riyad ta daidaita mu, domin shi ma dakon kwalayen tumatir yake yi a kasuwar Utaiƙa. Sai dai a hotunan da yake turawa gida kullum cikin farar riga yake, ya jingina da motar da ba tasa ba. Alhaji ake ce masa a gida, ni ma haka nake ce masa, don ya girme ni da shekara uku.

Inna ba ta da babbar waya. Wata maƙwabciya ce ta kai mata bidiyon har ɗaki. Sai bayan kwana uku ta sa aka kira ni. Ba ta ambaci bidiyo ba. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi ko ƙeyata ta daina ciwo, sannan ta ce, “Ka dawo gida. Kogi bai ƙafe ba.” Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa Inna ta yi wata biyu ba ta je suna ko biki ba.

Na samu na sauya kafili, wato ubangidan da takardun zamana ke hannunsa, na koma hannun wani tsoho mai shagon turare, mutum mai sanyin hali. Dukan takalmi na manta shi tuntuni. Wanda ya doke ni ba ɗan'uwana ba ne, bai san Inna ba, bai taɓa cin kifin gidanmu ba. Alhaji kuwa ya tare ni wata Juma'a bayan an sallame, ya dafa kafaɗata ya ce wasa ne, ai ni ma na san wasa. Na yi dariya. Shekara ɗaya da rabi ina cin abinci kwano ɗaya da shi, ina jira.

Da hutun ƙaramar salla ya zo, tsohon ya yi tafiya, ya bar mini motarsa da takardar izini, ya ce in je in ga ƙasa. Na daɗe da sanin Alhaji yana son hoton bakin teku. Yana neman wata bazawara a Birnin Kebbi, ya riga ya gaya mata can yake hutu duk shekara. Na kuma san abin da ita ba ta sani ba: tun yana yaro, idan zai haye kogi zuwa kasuwa, rufe ido yake yi a cikin kwale-kwale har a kai gaɓa. Da na yi masa tayin tafiya Jidda, daga nan mu bi bakin Bahar Maliya zuwa arewa, ko tunani bai tsaya yi ba. Na gayyaci maƙwabcina na unguwar Jaradiya, wani ɗalibin jami'a ɗan Damagaram da muke kira Malam. Na ce wa kaina don kada Alhaji ya zargi wani abu ne. Gaskiyar ita ce ina tsoron abin da zan iya yi idan babu ido na uku.

Mun tashi bayan asuba, muka wuni muna yanka hamada. Da muka gangaro daga duwatsun Ɗa'if Malam ya ce tunda ga mu kusa, mu tsaya mu yi umara. Na ce sai a dawowa. Ba zan iya zagaya ɗakin Allah da abin da ke cikina ba.

Washegari da hantsi muka bar Jidda muka nufi arewa. Teku a hagu, duwatsu can nesa a dama kamar hadari ya taso bai ƙaraso ba. Hanyar ba ta manne da ruwa koyaushe. Sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ganin komai sai fili da gishiri ya yi wa fari, can sai tekun ya bayyana gaba ɗaya, har ka ji ƙafarka ta sassauta daga kan totur. Ni da na tashi a bakin ruwa ban taɓa ganin ruwa mai launi uku a jere ba: na bakin gaɓa garau kamar na tulu, na tsakiya kore shar, na can ciki kamar rijiyar marina. Malam yana ta tasbihi. Ni ma abin ya shige ni, ba zan yi ƙarya ba, amma ko a lokacin ina kallon gaɓar ne ina auna zurfinta.

A Mastura muka tsaya cin kifi. Ana baje shi a kan ƙanƙara, ka zaɓa a soya maka, a kawo da shinkafa mai launin ƙasa. Alhaji ya ce wa mai kifin da Larabcinsa na kasuwa a bar wa wannan ya zaɓa, a cikin ƙarnin kifi aka haife shi. Na ɗaga kunnen kifi ɗaya bayan ɗaya, na ajiye uku, na ɗauki na huɗu. Mai kifin ya gyaɗa kai. Alhaji ya ci har da tsotsar ƙaya.

Duk inda muka tsaya ni ne mai ɗaukarsa hoto. A farin yashin Rayis, a gaban tsofaffin gidajen Yanbu masu tagogin katako, a gefen allon da aka zana raƙumi. Ina durƙusawa, ina gyara masa rawani, ina ce masa ya ɗan ɗaga haɓa. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. Har ya ce wa Malam ashe ɗan masunta yana da amfani a tudu.

Mun kwana a Yanbu. Daga nan hanyar ta yi shiru. Hayaƙin matatar mai ya koma baya, motoci suka ragu, raƙuma suna kiwo a tsakanin baƙaƙen duwatsu, wani lokaci har bakin ruwa. Kafin mu shiga Umluj na ga wata 'yar hanyar ƙasa ta gangara hagu, na bi ta. Babu kowa a wurin. Daga gaɓa, kamar tsawon filin ƙwallo, akwai wani tudun yashi fari tas a tsakiyar koren ruwa.

Na sauka na dubi wurin kamar yadda babana ya koya mini duban kogi. Layin ciyawar ruwa yana can sama da inda muke tsaye, yashin ƙasansa bai gama bushewa ba, iska kuma ta fara kaɗawa daga teku. Ruwa ya janye ne, kuma yana hanyar dawowa. Tsakanin gaɓa da tudun akwai wani kwari inda koren ya fi duhu. Na shiga ni kaɗai kamar mai wasa, na gwada shi. A lokacin ya kai mini ƙugu. Na lissafa in ya cika zai kai ƙirji, ba zai wuce ba.

Na ce wa Alhaji hoton da zai gama da Birnin Kebbi yana kan tudun can. Ya dubi ruwan, ya dube ni. Na ce ai ruwan idon sawu ne, ga shi yana gani. Na riƙe hannunsa na zagaya da shi ta gefen da ba zurfi, ya tattare farar rigarsa, da rawani da baƙin tabarau. Da muka hau tudun na ce ya tsaya, zan koma gaɓa in ɗauko shi daga nesa, teku duka a bayansa. Malam yana inuwar mota yana karatu.

Na daɗe ina juya shi. Ya zauna, ya miƙe, ya buɗe hannuwa, ya kalli gabas. Shi yana kallon waya, ni ina kallon yashin da ke ƙarƙashinsa yana raguwa. Sai da ruwa ya taɓa masa yatsu ya duba ƙasa. Ya waiga hagu da dama, hanyar da muka bi ta ɓace. Ya kira ni ya ce ta ina zai bi.

“Miƙe kawai, Alhaji,” na ce. “Taho kai tsaye.”

Kai tsaye kwarin ne. Ya shigo, ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Taku biyu ya faɗa har ƙirji, igiyar ruwa ta mare shi a fuska, kuma a daidai nan ya taka wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi kamar bushiya. Wannan ba ya cikin lissafina. Ya kurma ihu. Tabarau ya tafi, rawani ya bi ruwa. Yana dukan ruwa da hannu biyu, yana kiran uwarsa, yana kalmar shahada, yana cewa ya tuba. Sai ya kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba tun muna yara. Ni kuwa na danna bidiyo tun takunsa na farko.

Malam ya iso da gudu ya ce in ajiye wayar nan.

“Ruwan bai kai wuya ba, Malam,” na ce.

Ya dube ni, sai kawai ya faɗa ruwan da rigarsa, alhali shi ma bai iya iyo ba. Nan na ajiye wayar a kan takalmina. Na wuce Malam, na kamo Alhaji ta wuyan riga kamar yadda ake fito da akuya daga kogi, na ce masa ya miƙe tsaye, ƙafarsa tana ƙasa. Ya miƙe. Ruwan ya tsaya masa a ƙirji.

A inuwar mota na zauna na cire masa ƙayoyin da allura, waɗanda suka yarda suka fito. Yana karkarwa, majina har leɓe. Can ya tambaye ni a hankali ko na ɗauka. Na ce na ɗauka. Ya ce don darajar iyayena kada in tura.

“Wasa ne, Alhaji,” na ce. “Ai kai ma ka san wasa.”

Malam ya ja ni gefe ya yi mini nasiha mai tsawo a kan yafiya. Na ce masa ni ma na ji an halatta ramuwa daidai da abin da aka yi wa mutum. Ya ce Alhaji tarar da ni ya yi cikin wulaƙanci ya ɗauka, ni kuwa da hannuna na kai shi. Ban musa ba. Na ce wa Malam shi ai ba a kai wa uwarsa waya har ɗaki ba.

Mun shiga Umluj da la'asar. Gari ne mai kyau, da dabino da mangwaro, ga jiragen masunta masu fenti a jere, ga tsibirai can ciki kamar an yayyafa gari. Na kai Alhaji wani ƙaramin asibiti aka ƙarasa cire ƙayar aka ɗaure ƙafar. Yana ciki na zauna a kan katangar bakin ruwa, ina kallon wani tsoho yana gyaran komar kamun kifi irin yadda muke gyara tamu. A nan na tura bidiyon. Na rubuta a ƙasa: Alhaji yana hutu a bakin teku.

Ba mu koma ta Jidda ba, ta Madina muka yanke. Malam ya ce a sauke shi a can, zai yi ziyara ya biyo bas. Daga Madina zuwa Riyad mu biyu ne, Alhaji a kujerar baya ya miƙe ƙafa, wayarsa tana ta ƙara har ya kashe ta. Sau ɗaya ya yi magana, wajen Ƙasim. Ya ce da ya mutu fa. Na ce ba zai mutu ba, na auna ruwan.

'Yan garinmu sun yi mako guda suna dariya. Wasu suka kira ni suka ce na yi daidai, wani dattijo ya ce mu duka biyun mun zubar da mutuncin gari a ƙasar mutane. Alhaji ya fita daga guruf ɗin. Bazawarar ta aure shi duk da haka, an ce ita ma ta yi dariya har da hawaye. Inna ta gani, ta hannun maƙwabciyar nan dai. Ta tambaye ni wa ya fito da shi, na ce ni ne, ta ce to, ta shiga zancen farashin gero.

Har yau ban yi nadama ba, kuma ba zan rubuta cewa na yi ba. Malam ne kaɗai ya tsaya mini a rai. Muna gaisawa a masallaci, yana tambayar mutanen gida, amma bai sake zama ya ci abinci a ɗakina ba har ya gama karatu ya koma Damagaram.

Bara Alhaji ya tattara ya koma gida gaba ɗaya. Kafin ya tafi ya aiko wani ya tambaye ni ko ina da saƙo. Ina da dabino da turare da na ajiye wa Inna. Na ce a gaya masa babu, na jira wata biyu har wani ɗan Shanga, can kusa da garinmu, zai tafi, na ba shi.