Warƙoƙin da na wanke

Duk lokacin da na ji warin jiƙaƙƙen bangon ƙasa, sai gabana ya faɗi. Ba ruwan nake tsoro ba, abin da hannuna ya yi nake tunawa.

Ina 'yar shekara goma wata damina ta yi wa unguwarmu ta Zongo ɓarna. Tun asuba ake sheƙa ruwa har azahar, magudanar bayan gidajenmu ta cika ta dawo da shi cikin ɗakuna. Namu gidan ya tsaya, na wani tsohon malami maƙwabcinmu kuwa bangonsa ya zauna. Ba shi da ɗa, ba shi da mata. Washegari kakata, wadda ba ta iya ganin mutum zaune, ta kora mu gidansa gaba ɗaya. Samarin ƙabilar Mosi daga unguwar Gounghin ma suka zo da buruwet, wato baro, suna kwashe laka.

A ƙarƙashin tabarmarsa aka tono gafakar fata. Alƙur'ani ne rubutun hannu, wanda mahaifinsa ya rubuta tun zamanin fatauncin goro. Irin wannan ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake. Kakata ta miƙa mini, ta ce, "Ke mai alwala, shanya su a inuwa, ɗaya-ɗaya."

Shanya ta ce, ba ƙari. Amma ni da rawar kai, da na ga laka a kan ayoyi sai abin ya dame ni. A makarantar allo, in allo ya yi datti wanke shi ake yi. Na ɗebo ruwa a kwano, na jiƙa bakin zanena, na hau gogewa. Lakar ta fita, tawadar ta bi ta. Na ɗauka in ta bushe rubutun zai fito, don haka na ɗauki ta biyu, na ɗauki ta uku. Sai da na wanke bakwai.

Ban ji zuwan malam ba. Ya durƙusa, ya duba warƙoƙin da suka rage kafin su da bayansu, ya ce, "Suratu Yusuf ce." Kakata ta ɗaga hannu za ta mare ni, ya ce, "Hajiya, bar ta, taimako ta zo yi." Wallahi da marin aka yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki kwanon, ruwan ya yi baƙi ga laka a ƙasa, ya ƙi yarda a zubar. Ya tace da gefen rawaninsa ya shanye.

Ya ce zai sake rubutawa da ka, amma hannunsa ya riga ya fara rawa. Da warƙoƙin suka bushe, ya mayar da su wurinsu fari fat, ya ɗaure gafakar. Haka ya rasu.

Yanzu a unguwar Tampouy nake, an rushe tsohuwar unguwarmu tuni. In ruwa ya yi ɓarna ina fita taimako, kuma yaran yanzu sun fi mu sauri, kafin ka juya sun loda komai a mota. Ni ce tsohuwar da ke tare ƙofa tana cewa a tambayi mai ɗaki tukuna, har suna ce mini mai jinkiri. A waya nake karatu, inda babu harafin da ke gogewa. Amma shekara da shekaru ke nan ban iya kai Suratu Yusuf ƙarshe ba.